Ban taɓa rubuta manhaja ba, zan iya karanta kimiyyar kwamfuta?

Ɗan'uwa, kana tambaya ko wanda bai taɓa rubuta manhaja ba zai iya yin digirin kimiyyar kwamfuta. Ƙwarai kuwa. A shekarar farko daga tushe ake farawa, galibi da harsunan rubuta manhaja irin su Python, C ko Java, tun daga yadda za ka sa kwamfuta ta fito da kalma ɗaya a allo.

Sharaɗin dai shi ne ka riƙa rubutawa da hannunka, kar ka tsaya kwafar aikin abokai. Na taɓa kai ƙarfe 2 na dare ina fama da shirin C da ya ƙi tashi, ashe waƙafi mai ruwa ɗaya na manta a ƙarshen layi. Lissafi ma kar ka raina shi, yana nan yana jiran mutum.