Amsa: Hausawan Glover da yaƙin Ijebu

Malam, ka tambaya ko Hausawa sun shiga yaƙin Ijebu, wato yaƙin da Turawan Ingila suka yi da Yarbawan Ijebu. Sun shiga ƙwarai. A 1863 John Glover, Baturen da ke mulkin Legas a lokacin, ya kafa rundunar Hausawa a nan Legas, da yawansu bayi ne da suka gudu daga iyayengijinsu. A watan Mayun 1892, zamanin Gwamnan Legas Carter, da su aka tashi ta garin Epe, aka yi ta arangama a hanya, har aka gwabza a Imagbon, Turawa suka shiga Ijebu-Ode da ƙarfin bindiga mai ruwa.

In kana son abin tunawa, je ka ga ɗakin taron Glover Hall a Eko, wato Legas. Wallahi duk na wuce wurin sai raina ya sosu: sunan Baturen ne a jikin ginin, alhali talakawanmu da mutanen Ijebu ne suka zubar da jini.