Ina Son Kare, Amma Baba Ya Hana

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. Ni ɗalibi ne, shekarata 19, ina zaune a gidanmu a Zariya. Tun ina ƙarami, idan an kai ni hutu ƙauye wurin kakana, ba ni da abokan wasa sai karnukan da ke yi masa gadin gona. Na roƙi Baba ya bar ni in ajiye ko da kwikwiyo ɗaya, ya ce ba a gidansa ba. Ba na son saɓa masa, amma abin yana raina. Akwai yadda zan riƙa mu'amala da karnuka ba tare da na mallaka ba? Kuma yaya batun tsarki?

AMSA: Wa'alaikumus salam, ɗana. Ka kyauta da ka bar maganar a inda mahaifinka ya ajiye ta, kuma ina jin yana da hujja. Hadisi ingantacce ya zo cewa wanda ya riƙe kare ba don farauta, kiwo ko gona ba, ana rage masa lada kullum. Karnukan kakanka suna da aikin yi, wanda za ka ɗaure a tsakar gida a cikin gari kuwa ba shi da shi. Na sha ganin irinsu a wurin aikina na likitan dabbobi: kare ya shekara a sarƙa, faratansa sun yi zaƙo-zaƙo, wuyansa ya saɓule, mai shi ya kawo shi yana cewa ya cika faɗa. Ba na so ka zama mai irin wannan karen.

Shawarata ita ce ka nemi masu karnukan aiki, ka zama mai amfani a gare su. Fara da mafarauta. Da wuya ka rasa su a gefen gari, kuma suna da shugabanni, wani wuri Sarkin Dawa, wani wuri Sarkin Baka. Ka samu babba a unguwarku ya kai ka ku gaisa, kada ka faɗa musu kai kaɗai. Mafarauci mai karnuka shida ko bakwai kullum yana neman hannu: ɗibar ruwa, dama musu dusa da sauran tuwo, share makwanci, fitar da su da yamma su miƙe ƙafa. Akwai wani dattijo da nake zuwa yi wa karnukansa allura. Duk lokacin da na je sai in tarar da wani yaron maƙwabta zaune a kan turmi, kan wata jar karya a cinyarsa, yana buɗe kunnenta yana cire kaska ɗaya bayan ɗaya yana jefawa a gwangwanin kananzir. Ita kuwa ta lumshe ido, ko motsi ba ta yi. Ko sisi bai biya a kanta ba, amma idan ya doso gidan, tun daga bakin lungu take jin tafiyarsa ta miƙe. A wurin irin waɗannan mutane za ka ga yadda ake horar da kwikwiyo, a haɗa shi da manya har ya san zomo, ya san kiran maigidansa. Sai dai ban yarda ka bi su farautar nesa ba. Dajin yanzu ba irin na zamanin kakanka ba ne, kuma ko ta kusa ce sai da izinin Baba.

Ka kuma yi sa'ar gari. A Samaru akwai asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello, ga kuma ƙananan asibitocin dabbobi masu zaman kansu. Lokacin hutu ka je wurin wani likita ka ce kana son taimakawa kyauta. Da shara da wanke keji za a fara ka, kafin a koya maka riƙe kare lokacin allura: hannu ɗaya ƙarƙashin wuya, ɗaya ya zagayo ƙirji, ka manna shi a jikinka kana yi masa magana a hankali. Idan kuma akwai maƙwabcin da ke da karen gadi, ka nemi ya bari ka riƙa fita da shi bayan la'asar, da igiya, nesa da yara da awakin mutane. Kada ka ba shi sauran abinci mai albasa da yawa ko ƙashin kaza dafaffe, albasa tana lalata musu jini, ƙashin kuma yana tsagewa ya soki hanji.

Yanzu ga abin da na fi so ka riƙe. Kafin ka taɓa kowane kare, ka tambayi mai shi yaushe aka yi masa allurar ciwon haukan kare. Ana fara ta yana ɗan wata 3, sannan a riƙa maimaitawa duk shekara, kuma ana yin maganin a nan gida, a Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon yana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, galibi a Afirka da Asiya, kuma yara ne da yawa daga cikinsu. Da zarar alamunsa sun bayyana, da wuya a tashi. Idan kare ya cije ka ko ya yakushe ka, ko ya lashi inda kake da ciwo, ka wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, ka wuce asibiti a ranar. Kada ka tsaya shafa toka ko ɗaure wurin da ganye. Tunda za ka riƙa hulɗa da su sosai, ka tambayi likita game da rigakafin da ake yi wa masu aikin dabbobi.

Karen da bai san ka ba, kada ka ƙura masa ido, kada ka sunkuya a kansa. Ka tsaya a karkace ka bari shi ya zo ya shinshina ka. Mai cin abinci da mai barci a ƙyale su. Karya mai jego kuwa, har yau akwai tabonta a bayan hannuna na dama, daga shekarar da na fara aiki. Na san ta, ta san ni, na kai hannu kan ɗanta ban jira mai ita ba. Karnukan titi ka iya ajiye musu ruwa a tsohon kwano lokacin bazara ka ja da baya. Ka tuna hadisin mutumin da ya shiga rijiya ya ɗebo ruwa a huffinsa ya shayar da kare, Allah Ya gafarta masa.

Batun tsarki na malamai ne, ni likitan dabbobi ne. Abin da aka karantar da mu a mazhabar Malikiyya shi ne kare mai rai ba najasa ba ne, har da yawunsa, wanke ƙwaryar da ya sha sau bakwai kuma bin umarni ne na ibada. Shafi'iyya suna ganin najasa ne. Ka tambayi malaminku, ka kuma ware riga da wando ɗaya na zuwa wurin karnuka, ka canza ka wanke hannu kafin ka shiga cikin gida, don hankalin Baba ya kwanta.

Ranar 28 ga Satumba ce ranar yaƙi da ciwon haukan kare ta duniya, kuma a wurare da dama ana yi wa karnuka allura kyauta a makon. Ka tambaya a Samaru tun kafin lokacin, ka je da sassafe. Ranar muna rasa masu riƙe mana karnuka.