Tambaya da Amsa: Me Ya Sa Manyan Kifayen Teku Ke Tsinke Mini Zare?

Tambaya: Malam, ni Basarke ne daga Yawuri, na tashi ina kama giwan ruwa a kogin Neja, yanzu kuma aiki ya kai ni Legas. Ina jefa fatsa daga kan jeti, wato dandamalin da aka gina ya shiga cikin ruwa, amma sau uku babban kifi yana kamawa zare ya tsinke. Ina kuskuren yake?

Amsa: Malam, a kogi idan giwan ruwa ya ja, kwalekwale yakan bi shi har ya gaji. A kan jeti kuwa kana tsaye wuri ɗaya, a ƙarƙashinka akwai ginshiƙai da duwatsu waɗanda ƙananan halittu masu ɓawo suka manne musu, kaifinsu kamar reza, kuma can ne kifin yake nufa da zarar ya ji ƙugiya. Saboda haka ina kyautata zaton zarenka yankewa yake yi, ba ƙarfin kifi ne ke tsinke shi ba. Ka duba bakin abin da ya rage: idan ya yi kaushi, ginshiƙi ne ya goge shi, idan yankan ya fita sumul, haƙori ne.

Gyaran yana cikin mita ɗaya na ƙarshe. Babban zarenka ya zama mai ɗaukar kilo 20 zuwa 25, ka zura masa dalma mai rami yadda za ta riƙa zamewa, sannan ka ɗaura ƙaramin ƙarfe mai juyawa wanda zai tare dalmar ya kuma hana zare murɗewa. Daga nan ka haɗa zare mai kauri na kilo 40 zuwa 50 har zuwa ƙugiya. Amfanin dalma mai zamewa shi ne kifi zai ɗauki ƙoto ya tafi bai ji nauyi ba. Nauyinta gram 100 zuwa 170, gwargwadon ƙarfin ruwa. Inda barakuda, wani kifin teku mai kaifin haƙori, ke yawo, kuma ruwan Legas ba ya rasa shi, dole ka sa waya ta kamar santimita 30 gaban ƙugiya. Na fi son ƙugiya mai lanƙwasar da'ira, domin takan kama gefen baki. Sai dai ba a fizgar ta irin ta fatsar gida, a hankali ake naɗewa har zare ya miƙe.

Birkin na'urar naɗe zare, wanda ke sakin zare idan kifi ya ja da ƙarfi, kada ya wuce kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin zaren. Masunta sukan ɗaure shi tamau don tsoron kada kifi ya gudu, nan kuwa ake asara. Idan ya nufi fili, ka bar shi ya ja. Idan ya juyo wajen ginshiƙai, ka karkata sanda gefe ka juya masa kai.

Teku yana cika yana janyewa kusan kowane awa shida, kuma manya sun fi cin ƙoto lokacin da ruwa ke tafiya. Ƙaramin kifi mai rai ya fi komai, sai jatan lande.

Kada ka ɗaga babban kifi sama da zare. Ka tanadi raga mai zoben ƙarfe da doguwar igiya, kusan irin homa ce, wani ya saukar maka da ita ka jawo kifin ciki, kansa a gaba. Idan ka tashi, ka wanke kayanka da ruwan famfo, domin gishiri yana cin ƙarfe.