Kotu ta ce a riƙa kai ɗana makarantar wata unguwa a bas, zan iya ƙi?

Tambaya: Barista, ina zaune a jihar Luwiziyana a Amurka. An aiko mana takarda wai ɗana ɗan aji uku bas za ta riƙa kai shi makarantar wata unguwa, saboda umarnin kotu na haɗa yaran baƙaƙe da farare. Maƙwabta na tara sa hannu, wasu ma sun ce kar mu tura yaran. Ni don makarantar unguwarmu na sayi gidan, kuma ina biyan haraji. Ba haƙƙina ba ne?

Amsa: Malam, na fahimci damuwarka, amma bari in fara gyara maka wannan. Sayen gida da biyan haraji, a mafi yawan lokuta, ba sa ba ka haƙƙin wata makaranta takamaimai. Abin da doka ta ba ɗanka shi ne gurbi a makarantar gwamnati a gundumar, wace ce kuwa, hukumar ilimi ke rabawa, in kuma akwai umarnin kotun tarayya to ita ma hukumar hannunta a ɗaure yake. Ban ga umarnin naku ba, don haka duk abin da zan faɗa a dunƙule ne.

Tun shari'ar Brown a 1954 Kotun Ƙoli ta haramta raba makarantu bisa launin fata, sannan a shari'ar Swann a 1971 ta ce alƙali na iya sa a yi jigilar yara a bas don gyara wannan ɓarnar. Sa hannun maƙwabta ko sun kai dubu ba sa soke hukuncin alƙali. A Boston a 1974 har jifan bas-bas aka yi da duwatsu, iyaye suka riƙe yara a gida, umarnin bai motsa ba, yaran ne suka yi asarar karatu. Masu ce maka ka ajiye yaro a gida wallahi ba su yi maka adalci ba, domin tura yaro makaranta wajibi ne a dokar jiha, kuma in maganar fashin makaranta ta taso kai za a kira, ba su ba.

Inda nake ganin kana iya samun ƙofa shi ne cikin Swann ɗin kanta. Kotu ta yarda ana iya ƙorafi idan nisa ko daɗewa a hanya zai taɓa lafiyar yaro ko karatunsa, kuma shekarun yaro na da tasiri. To ka rubuta ƙarfe nawa bas ke ɗaukarsa, ƙarfe nawa yake dawowa, in yana da lalura kamar asma ka haɗa da takardar likita, ka cike fom ɗin neman canjin makaranta kafin wa'adi ya wuce. Ba lallai su amince ba, musamman in canjin zai ɓata lissafin haɗa baƙaƙe da farare da kotu ta gindaya.

Shiga shari'ar da ta haifar da umarnin a matsayin masu ruwa da tsaki mai yiwuwa ne, sai dai akwai tsada, kuma alƙali na iya cewa kun makara. Janye umarnin gaba ɗaya kuwa, tun shari'ar Dowell a 1991 ana yi idan gunduma ta nuna ta bi shi da gaskiya, amma yawanci hukumar ce ke nema.

Ni dai shawarata ku je zaman hukumar ilimi, ku nemi a zauna da ofishin sufuri kan rage tsawon hanya ko canza tashar ɗauka. Kafin nan ka kai wa lauyan da ke da lasisi a jiharku kwafin umarnin da takardar da aka aiko maka, kuma yaro ya ci gaba da zuwa makaranta.