Me Ya Hana Jirgin Sama Kaiwa Inda Roka Ke Kaiwa?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibi ne a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi. Tun da injin jet da roka duk iska mai zafi suke fesarwa ta baya, mene ne ya raba su, kuma me ya hana jirgin sama fita sararin samaniya?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka lura daidai, domin ƙa'ida ɗaya suke bi, wadda Isaac Newton ya bayyana a shekarar 1687: duk abin da ya tunkuɗa wani abu baya, shi ma za a tunkuɗa shi gaba da ƙarfi daidai da wannan. Inda suka rabu shi ne wajen samun iskar oksijin, wadda mai ba ya cin wuta sai da ita.

Ka tsaya a maƙera ka ga yadda garwashi ke yin jajir idan ana zuga shi, ya dushe da zarar an saki zugazugi. Injin jet shi yake zuga kansa. Babbar fankar da ke bakinsa tana zuƙo iska, jerin ƙananan fankoki su matse ta, a fesa mata kananzir a kunna, sannan hucin da ya fito ya juya wata farfela ta baya wadda ita ce ke juya na gaban. A jiragen fasinja na yanzu, yawancin turin daga babbar fankar yake fitowa, domin mafi yawan iskar tana bi ta gefe ne ba tare da ta shiga wuta ba. Oksijin kusan kashi 21 cikin 100 ne na iskar da muke shaƙa, kuma iskar tana raguwa gwargwadon nisan hawa, shi ya sa waɗannan jiragen suke tafiya a tsayin kilomita 10 zuwa 12. Inda iska ta ƙare, injin mutuwa yake yi.

Ita kuwa roka da oksijin ɗinta take tashi. Saturn V, wadda ta ɗauki ƴan sama jannatin Amurka zuwa duniyar wata a 1969, matakinta na farko, wato sashenta na ƙasa da ake fara kunnawa, kananzir yake ƙonawa da oksijin da aka sanyaya ya zama ruwa a digiri 183 ƙasa da sifili, kuma nauyin oksijin ɗin ya ninka na man fiye da sau biyu. Injinansa biyar suna cinye wajen tan 13 a kowace daƙiƙa, cikin minti biyu da rabi tankunan sun ƙare, sai a yar da matakin. Wannan almubazzaranci dole ne, domin tauraron ɗan'adam ba zai zauna yana kewaya duniya a kusa ba sai gudunsa ya kai kimanin kilomita 28,000 a awa.

Akwai kuskuren da nake so ɗalibanmu su rabu da shi, wato zaton cewa roka iskar waje take dogarawa ta tura kanta. Hayaƙin da take jefarwa baya shi ne ke tura ta, kuma turin nata ƙaruwa ma yake yi idan ta fita inda babu iskar da za ta danne bakin injin.