Ƙanena wata huɗu a tsare kan zargin kai wa 'yan bindiga fetur, Barista ina mafita?

Assalamu alaikum Barista, dan Allah a sakaya sunana. Ƙanena ɗan acaɓa ne a wani ƙauye a jihar Katsina, jami'an tsaro suka tare shi ranar kasuwa da jarka biyu ta fetur da burodi a bayan mashin, suka ce wai 'yan bindiga yake kai wa. Yau wata huɗu kenan ba kotu ba labari, sau ɗaya muka ji muryarsa a waya. Yanzu wani mutum ya zo yace in mun haɗa kuɗi zai fito mana da shi, Baba har ya sa gona a kasuwa. Me doka tace?

Wa'alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya kawo muku sauƙi, ya ba su Baba haƙuri. Kafin komai ki je ki roƙi Baba ya janye gonar nan daga kasuwa. Kes ɗin ta'addanci ba irin rigimar caji ofis bace da ake kashewa a bakin kanta, fayil ne da ke bi ta hannun ofishin Antoni Janar na ƙasa, kuma wanda yace zai fito da shi ta bayan fage a mafi yawan lokuta kuɗin zai cinye ya kashe waya, in kuma tsautsayi ya gifta ku da kuka bayar a ce kun ba da cin hanci, ga ɗa a tsare ga gona ta tafi.

Toh ga inda maganar take. Tun watan Nuwamban 2021 Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta ayyana 'yan bindiga a matsayin 'yan ta'adda, gwamnati ta buga shi a gazet, wato jaridar da take fitar da dokoki da sanarwarta a hukumance, a Janairun 2022, sannan a Mayun 2022 Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar yaƙi da ta'addanci wadda ta maye gurbin ta 2011 da gyaranta na 2013. Shi yasa abin da a da za a kira taimaka wa ɓarayin daji yanzu sunansa tallafa wa ta'addanci, kuma ba sai mutum ya taɓa riƙe bindiga ba, kai musu mai ko abinci ko magani ko ba su labarin motsin sojoji duk ya shiga, hukuncin kuma daga shekara 20 yake farawa. Ban faɗa dan in tsorata ki ba, so nake ku san girman abin da ke gabanku ku daina jiran ya warware da kansa.

Amma dokar ba cewa tayi duk wanda aka gani da jarka ɗan ta'adda bane. Sai mai gabatar da ƙara ya tabbatar wa alƙali cewa yaron ya san wa yake kai wa kayan, kuma da saninsa ya kai, sashe na 36 na kundin tsarin mulkin 1999 yace mutum mara laifi ne har sai an tabbatar da laifinsa. Ko da a ce ya karya dokar hana sayar da mai a jarka irin wadda Katsina da Zamfara suka kafa a 2021, wannan laifi daban, ta'addanci daban. A nan aikinku yake: wa ya aike shi, a wane gidan mai ya saya, akwai mai injin niƙa ko mai cajin waya ko mai shayi a garin da ya saba kai wa man da burodin? Ku nemo su tun yanzu, lauya ya rubuta bayaninsu, mai unguwa da shugaban 'yan acaɓan tasharsu su ma a ji ta bakinsu, dan mutane suna mantuwa, wasu kuma tsoro ke sa su ja baya in abu ya daɗe. In kuma gaskiyar magana tilasta shi aka yi, kamar yadda muka sani ana yi wa mutanen ƙauyuka da yawa da bakin bindiga, kar ku ɓoye wa lauyanku, ƙofa ce ƙarama a doka amma alƙali yana dubawa, musamman wajen sassauci.

Maganar tsarewa kuwa ita ce ta fi ci min rai. Sashe na 35 na kundin tsarin mulki yace a kai wanda aka kama kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu kwana biyu. Sai dai dokar 2022 ta ba jami'an tsaro dama su je Babbar Kotun Tarayya su kaɗai, ba tare da an kira ku ba, su karɓo odar tsare mutum har kwana 60, kuma ana iya sabuntawa. Kinga kenan tambayar ita ce, akwai wannan odar ko babu? In babu, tsarewar haramtacciya ce kuma sashe na 35 ɗin ya ba shi haƙƙin diyya da neman afuwa a bainar jama'a. In akwai, kwana 60 sun wuce tuni, sai su nuna takardar sabuntawa.

Hanyar da ake tilasta musu nunawa ita ce ƙarar kare haƙƙin ɗan Adam a ƙarƙashin sashe na 46 na kundin tsarin mulki da ƙa'idojin shigar da irin wannan ƙara na 2009, kuma daɗin abin ba sai shi da ke tsare ya sa hannu ba, ke yayarsa ko Baba za ku iya rantsuwa a madadinsa. Lauya zai roƙi kotu ta sa a kawo shi gabanta, a gurfanar da shi in akwai tuhuma, in babu a sake shi. Ki rubuta ranar da aka kama shi, wurin, su waye suka gani, lambar mashin, da ranar da ya kira ku da lambar da aka kira da ita, wallahi wannan 'yar takardar tafi duk wani kuka da za a yi a bakin get amfani. In ba halin ɗaukar lauya, hukumar Legal Aid mai ba marasa hali lauya tana da ofis a kowace jiha kuma kyauta ne, ku kuma kai koke a rubuce Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta ƙasa ku karɓi kwafi mai hatimi. In ma ba ku san takamaimai inda yake ba, Red Cross suna da sashen neman waɗanda suka ɓace wa danginsu.

Abin da ke jefa mutum cikin matsala a irin wannan kes ɗin shine sitatimen, wato bayanin da jami'ai ke rubutawa daga bakin wanda ake zargi. Yaro bai iya Turanci ba, a rubuta abu a ce dangwala, ya dangwala dan ya huta, gobe a karanta a kotu a ce ya amsa laifi. Dokar shari'ar manyan laifuka ta 2015 ta tanadi a ɗauki bayanin wanda ake zargi gaban lauyansa ko jami'in Legal Aid, da tafinta in baya jin yaren, dokar shaida ta 2011 ta hana kotu karɓar iƙirarin da aka samu ta hanyar azaba, dokar hana azabtarwa ta 2017 kuma ta sa ɗaurin da ya kai shekara 25 ga jami'in da ya aikata. Duk ranar da kuka samu ganinsa ku tambaye shi ko ya sa hannu a wani abu, ko an dake shi, in akwai tabo lauya ya nemi likita ya duba. Kuma ku ja masa kunne kar ya amsa laifin da bai yi ba dan wani yace masa hakan zai sa ya koma gida da wuri.

Beli yana da wuya a nan, gaskiya ce, Babbar Kotun Tarayya ce kaɗai ke sauraron waɗannan laifuka kuma alƙalai suna taka-tsantsan, amma rashin lafiya mai tsanani da jan ƙafa wajen gurfanarwa dalilai ne da ake ginawa a kai. Kuma kai mutum gaban alƙali ba ƙaramin abu bane, a zaman farko na shari'ar waɗanda ake zargi da Boko Haram a barikin Wawa da ke Kainji a Oktoban 2017 mutum 45 aka ɗaure, 468 kotu ta sallama, da yawansu bayan sun shafe shekaru a tsare. Bana so ƙaninki ya kai shekara kafin wani alƙali ya buɗe fayil ɗinsa.

Ki kiyaye abin da kike rubutawa a Facebook kan maganar, kar kuma wani cikinku ya nemi 'yan daji ta waya wai su wanke shi, wannan kiran kaɗai zai iya jawo muku sabuwar tuhuma. In an ce za a kama Baba ko wani ɗan'uwa a madadin wani, sashe na 7 na dokar 2015 ya haramta. Satin nan ku ga lauya da takardar bayanan nan da sunayen shaidunku, ya fara rubuta wa hukumar da ke riƙe da shi wasiƙa ya ba su wa'adin kwanaki, in wa'adin ya cika shiru ya shigar da ƙarar.