Hukuncin Shan Sigari Ga Wanda Huhunsa Ya Taɓu

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na daɗe ina shan sigari. Yanzu tari ya ƙi barina, kullum da asuba sai majina, ko bene na hau sai na tsaya na huta. Likita ya ce ciwon toshewar hanyoyin numfashi ne, wato COPD. Wani ya ce mini taba makaruhi ce kawai. In rage ne, ko dole in bari?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah Ya ba ka lafiya, ɗan'uwa.

Gaskiya ne malaman da sun yi saɓani. Taba ta shigo ƙasashen Musulmi wajejen shekara ta 1000 bayan Hijira, kuma a cikin Malikiyya Shehu Aliyu al-Ajhuri ya halatta ta, Shehu Ibrahim al-Laƙƙani ya hana. Sai dai masu halattawa sun yi magana ne a lokacin da ba a gama ganin abin da take yi wa ƙirji ba.

Yau an gani. Hayaƙin sigari na ɗauke da sinadarai fiye da 7,000. Yana kashe ƙananan gasun da ke share hanyar numfashi, sai majina ta taru, hanyar ta kumbura ta ƙuntace. Can ciki kuma akwai miliyoyin 'yan jakunkunan iska. Hayaƙin na yaga bangonsu, iska ta shiga ta kasa fita. Shi ya sa kake haki a kan bene. Abin da ya yage ba ya komawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce wannan ciwo ya kashe mutum miliyan 3.23 a 2019.

Allah Ya ce: "Kada ku jefa kanku da hannayenku zuwa halaka" (Baƙara: 195). Manzon Allah (SAW) ya ce: "Babu cuta, babu cutarwa." Don haka abin da na rinjayar shi ne sigari haramun ne, a kanka kuwa haramcin ya fi ƙarfi, tunda cutar ta riga ta bayyana a jikinka. Ka tuna iyalinka ma suna shaƙa.

Ragewa tana halatta idan mataki ne zuwa bari, ba wurin zama ba. Ka sa rana, ka nemi likita ya taimake ka. Nikotin, wato sinadarin da ke sa mutum ya kasa barin sigari, na taunawa ko na liƙawa a fata, ya halatta a matsayin magani. Dainawa tana rage saurin lalacewar huhun da ya saura, ko bayan shekaru masu yawa. Ka riƙe maganin shaƙawarka yadda aka umarce ka.

Wallahu a'alam.